Yadda nake warware hujjar "in aka fara, ba tsayawa"

Akwai wata hujja da nake yawan cin karo da ita a muhawara: wai in aka yarda da ƙaramin abu yau, gobe sai babba, jibi sai halaka, babu birki a tsakani. Tana da kama zuciya saboda da tsoro take aiki. Ban iya gano rauninta ba sai da na fara zube ta a takarda.

A wani taro a wurin aikinmu aka kawo shawarar ma'aikata su riƙa yin aikin rana ɗaya a mako daga gida. Wani abokin aikina, mutum mai kishin aikin ƙwarai, ya ce sam. A cewarsa za su nemi kwana uku, a ba su, su daina zuwa gaba ɗaya, aiki ya tsaya, kamfani ya durƙushe. Na ce, "Malam, mu jera su ɗaya bayan ɗaya." Matakai biyar ke nan. Na ba kowannensu yiwuwar kashi 80 cikin 100, adalci har da ƙari. Da muka ninka su, abin da ya rage bai kai kashi 33 ba. Shi kuwa magana yake kamar an riga an buga hatimi. Ɓarnar a nan take: kowane mataki "mai yiwuwa" ne, amma sai a haɗa su a ce "tilas".

Manya ma ba su tsira ba. A 1954 shugaban Amurka Eisenhower ya yi gargaɗin cewa in yankin Indochina, wato Vietnam da Laos da Kambodiya, ya faɗa hannun 'yan gurguzu, maƙwabta za su bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Wannan tunani na cikin abin da ya ja Amurka yaƙin Vietnam. A 1975 Vietnam ta Kudu da Laos da Kambodiya sun faɗa ɗin, amma Thailand da Malesiya da Indonesiya ba su bi ba. An yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa a yaƙin.

Sai dai ba na watsi da duk mai gargaɗi, don wani sa'in da gaskiyarsa. Tambayata a kowace gaɓa ita ce: me zai tura wannan mataki zuwa na gaba, kuma wa ke da ikon cewa a tsaya? A kotunan Ingila, hukuncin babbar kotu yana ɗaure ƙananan kotuna a shari'o'i masu kama da shi, don haka lauyan da ya ji tsoron abin da hukuncin yau zai haifar yana da hanyar da zai nuna da yatsa. In mutum ya nuna min irin wannan hanya, nakan saurare shi da kyau. In kuwa ya tsallake daga matakin farko zuwa na ƙarshe, sai in roƙe shi mu koma na biyu mu tattauna shi tukuna.