Daga Tawa zuwa Yamai don gasar iyo da gudu

Motar Yamai tana barin Tawa tun kafin kiran assalatu, don haka a hanya muka yi asuba. Wani dattijo da ke gefena ya tambaye ni ko asibiti za ni ko biki. Da na ce gasar iyo da gudu za ni, sai ya dubi furfurar gemuna ya ce, "Malam, yaro za ka raka, ko kai ne yaron?" Har direba sai da ya dara.

Tafiyar ta haura kilomita 500. Muka bi ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, inda na sayi ayaba na kauce wa kilishi saboda cikina. A wajen Kure kowa ya leƙa taga ko za a ga raƙuman dawa, ƙurar hunturu ta hana.

Mai tambaya zai ce me ya kai mutumin da ya haura 50 wannan wahala. Gudu dai ba baƙo ba ne a Adar, fili ga shi nan har ka gaji. Ruwa ne babu. Mu iyon kududdufi muka koya da damina muna yara, kai a sama, hannu na dukan ruwa. Tabkin Tabalak yana da girma, amma da nisa daga gari, ga laka, ga tsoron tsargiya. Tawa, garin da aka fara kokawar takobi ta ƙasa a 1975, ya san darajar ƙarfin jiki sarai, sai dai wanda ke son iyo na ƙa'ida dole ya nemi Yamai.

Ɗan yayata ne ya tarbe ni, ya zaga da ni ta gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970. Kogin Neja ya cika maƙil alhali rabon da a ga hadari an yi watanni. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gine ne, yana daɗewa a fadamun Mali, sai cikin sanyi yake isowa. Na ce ko a nan za mu yi iyon. Ya ce, "Haba Kawu, da dorina?"

A wurin ninƙaya mai tsawon mita 50 aka yi. 'Yan sha'awa ne suka haɗa abinsu, ma'aikata da ɗalibai da wasu sojoji, kuma suka bi awon da aka sani a duniya: iyo mita 1,000, wato tsallakawa 20, sannan gudun kilomita 5. Da aka busa usur samari suka fizga kamar ana rabon gado. Kafin a yi rabi, da yawansu sun rataye a bango suna haki. Mu masu shekaru ba mu da wannan ƙarfin da za mu ɓarnatar, don haka ja uku, numfashi ɗaya, har ƙarshe. A nan na wuce waɗanda na haifa.

Wurin da gasar take da gaske shi ne fitowa daga ruwa. Jiki ya daɗe a kwance, jini ya taru a kafaɗu da hannuwa, kana miƙewa sai jiri ya ɗebe ka. Agogo kuwa ba ya tsayawa. Ga yatsu sun ƙandare, ga iskar hunturu na dukan jiƙaƙƙen jiki, kana ƙoƙarin cusa ɗanyar ƙafa cikin takalmi. Waɗanda suka saba sun barbaɗa hoda a ciki tun da farko, sun sa igiyar roba maimakon ta ɗauri, safa ma ba sa sawa. Ni zama na yi daɓas na ɗaure nawa a tsanake, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Kilomitan farko ƙafafuna ba su san ni ba, sai a na biyu muka sasanta.

Muna wucewa ta kusa da filin wasa na Seyni Kountché wani mai shayi ya ɗaga murya, "Sannu Issaka!" Hamadou Djibo Issaka yake nufi, wanda ya tuƙa kwalekwale a gasar Olamfik ta Landan a 2012 bayan horon 'yan watanni, ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka miƙe suna tafa masa. Zolaya ce, amma na ɗaga masa hannu. Na ƙarshe dai ba ni ba ne. Mutum biyu na baya na.

Da yamma muka zauna bakin kogi kan gasasshen kifi, gardama ta tashi kan gasa ta gaba. Samari suna son Afrilu, lokacin da ruwa ke da ɗumi. Na ce zafin Afrilu a Yamai yana haura digiri 40, duk wanda ya sa dattawa gudu a ciki ya tanadi motar asibiti. Aka tsaya a kan watannin sanyi, kuma za a ware rukunin 'yan 45 zuwa sama. Mu huɗu ne muka ba da suna.