Inda na kai a darasin zagaye da doguwar igiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon hawa. Tun bayan ƙaramar sallah nake kan darasin zagaye, ga kuma inda aka kwana.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mai koyarwa ne ke tsayawa a tsakiyar fili riƙe da igiya mai tsawon mita 8 zuwa 10 da aka ɗaura a ragamar doki, ɗaya hannun kuma da doguwar bulala ta nuni. Dokin yana zagaya shi a da'ira mai faɗin kusan mita 20. Tafiya da tsayawa duk a hannunsa suke. Kai da ke sama an ƙulle linzami an ajiye a wuyan doki, aikinka zama kawai. A tsohuwar makarantar hawa ta Biyana, babban birnin Ostiriya, sabon ɗalibi kan yi watanni a haka, ba linzami ba likkafa, kafin a sakar masa doki.

A ganina mu muka fi kowa buƙatar wannan darasi. Sirdinmu na gargajiya yana da tudu gaba da baya, yana tallafe mutum ko zamansa bai nuna ba. Linzaminmu kuwa mai zafi ne, ga zobe a haɓa, ga ƙarfe mai danna ganɗa. Duk mahayin da ya yi tangaɗi ya kama linzami don kada ya faɗi, bakin dokin ne ya biya. Ku duba ranar hawan sallah, za ku ga dawakin da ke wage baki suna kaɗa kai, wani har da jini a kumfar bakinsa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, shi ya sa na ɗauki igiyar nan da gaske.

Tafiyar sannu ta zauna. Ina buɗe hannuwa gefe da gefe, in ɗora su a ka, in sunkuya in taɓa yatsun ƙafa, har in rufe ido in ji takun nan huɗu suna kai ƙuguna gaba ɗaya bayan ɗaya.

Sassarfa ba likkafa ita ce ke riƙe da ni. Da doki ya ɗaga, jiki da kansa sai ya matse gwiwa, gwiwa kuwa in ta matse sama take tura mutum, kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Baba da ke riƙe mini igiya maganarsa ɗaya ce: "Saki cinyarka, ɗana, bar ƙafa ta yi nauyi." Yakan sa in zura yatsu biyu a gaban sirdi in jawo kaina ƙasa, in yi taku kaɗan, mu koma sannu kafin jikina ya sandare, sannan a sake. Yanzu ina iya cika zagaye da hannu ɗaya a sake idan muna bin hagu. Ta dama har yanzu ina zamewa waje, domin da'ira tana jefa nauyin mutum waje, ni kuma ƙuguna na ciki yana lanƙwashewa. Baba daga tsakiya yake gani tun kafin ni in ji, sai ya ce kunne da kafaɗa da ƙugu da diddige su tsaya layi ɗaya, ido kuma tsakanin kunnuwan doki.

Idan za ku gwada, ku nemi doki mai sanyin hali wanda ya riga ya saba da zagaye, kada a haɗa sabon mahayi da duƙushi. Fili ya zama mai yashi, ba duwatsu. A sa hular kwano, a duba majayi. Mai riƙe igiya kada ya kuskura ya naɗe ta a hannunsa, in doki ya fizga yatsu na iya karyewa. Minti 20 zuwa 30 sun isa, ana sauya gefe, saboda zagaye yana gajiyar da gaɓoɓin doki, balle a zafin nan namu. Mu da sassafe muke yi.

Baba ya ce ba maganar sukuwa sai dama ta yi daidai da hagu, don haka mako mai zuwa ta dama za mu fara.