Abin da kututturan gonarmu suka koya mini game da itace

Gonarmu tana arewacin Katsina, ƙasa ce mai rairayi, kuma duk bazara sai an yi mata sassabe: a sare tohon sabara da kalgo da magarya, a tara, a cinna wuta. Kawuna da ke zaune a ƙasar Maradi ya zo ziyara ya tarar ana shirin wannan aiki, sai ya ce mini, "Ɗana, waɗannan itatuwa ne da aka hana tashi. Ka bar wasu ka gani." A can suna kiran dabarar sassabin zamani. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa ta a yankin Maradi a 1983 bayan ya ga yawancin dashen da suke yi mutuwa yake yi, kuma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar.

Aikin ba shi da wuya. A kowane kututture na zaɓi toho biyu ko uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, na sare sauran, na rage rassan ƙasa zuwa rabin tsawon kowane toho, na ɗaura ƙyalle don masu neman itacen girki su san an bar shi ne da gangan.

A shekarar na dasa dogonyaro a bakin gona ina ba shi ruwa. Tohon kututturan da ban taɓa zuba wa ko kofi ɗaya ba suka bar shi baya nesa. Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Kututturen da aka shekara da shekaru ana sarewa saiwarsa ba ta mutu ba, ta riga ta nutsa inda danshi yake, kuma tana riƙe da abincin da ta adana. Da na tona gefen wani kalgo sai na ga saiwa iri biyu ce. Manyan su ne ke kafe itacen kada iska ta kayar da shi, su ne kuma rumbunsa. Masu shan ruwa da gishirin ƙasa kuwa sirara ne, ba su kai kaurin zare ba, kuma yawancinsu suna nesa da gindi, wajen inda inuwa ta ƙare har ma su wuce. Shi ya sa yanzu idan zan zuba wa mangwaron gida taki, a can nake zagaya shi.

Darasin da ya fi taɓa mini zuciya na ɓawo ne. Akwai wani ƙaton kalgo da masu sassaƙe suka kewaye gindinsa kaf suka kwashe ɓawon don magani. Ganyensa bai nuna komai ba, yana nan shar har damina ta wuce, har na ɗauka ya tsira. Daga baya ya fara bushewa daga sama, bai sake farfaɗowa ba. Sai da na bi maganar na gane cewa hanyoyi biyu ne a jikin itace. Ruwa yana hawa daga saiwa zuwa ganye ta cikin katakon da ke kusa da waje, wannan mai haske da danshi. Abincin da ganye ya haɗa kuma yana sauka zuwa saiwa ta wani siririn sashe da ke manne a cikin ɓawo. Wanda ya kewaye ɓawo ya yanke hanyar saukar abinci ne kawai, ruwa na ci gaba da hawa, don haka ganye ba ya saurin nunawa. Saiwa ce ke cin ajiyarta har ta ƙare, sannan itacen ya mutu da yunwa daga ƙasa. Tsakanin ɓawo da katako akwai wata 'yar fata mai santsi, wadda za ka ji a yatsa idan ka ɓare ɗanyen reshe. Ita ke ƙara wa itace kauri kowace shekara, ta yi sabon katako ta ciki, sabon ɓawo ta waje. Tsakiyar gangar jiki, wannan jan katako mai tauri da masassaƙa ke so, ya daina aikin kai ruwa, ƙarfi kawai yake bayarwa. Shi ya sa za ka ga tsohon itace mai kogo yana ta 'ya'ya. Kuka ce ta fita daban, domin ana ɓare ta don igiya ta sake yin wani ɓawon, amma kada a auna sauran da ita.

Tun daga nan idan zan cire reshe, sai na wasa adda sosai, na fara sara daga ƙasa zuwa sama. Idan aka sara daga sama, nauyin reshen yakan yage ɓawo ya bi gangar jiki da shi, raunin ya zama ƙofar gara da ruɓa. Na kuma lura cewa reshen da ke daidai ƙuguna bara yana nan daidai ƙuguna bana. Itace daga kan tsiron sama yake ƙara tsawo, reshen ƙasa ba zai taɓa ɗagawa ba, don haka wanda zai tare garma a cire shi tun yana ƙarami.

Ganye kuwa shi ya sa ba na wuce rabi wajen ragewa, ko da dabbobi na bukatar abinci. A cikinsa ake yin sukari ta amfani da hasken rana da ruwa da iskar kabon da ke shiga ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne, daga iska aka samo shi. Ta waɗannan ƙofofi ne kuma mafi yawan ruwan da saiwa ta sha yake fita, kuma fitar tasa ce ke jawo wani daga ƙasa har ƙololuwa. Itacen da aka aske tas da barandami dole ya koma kan ajiyar saiwa, idan aka maimaita kowace shekara sai ya tsumbure.

Cikin abin da na bari, gawo na fi ji da shi. Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore, domin saiwarsa tana kaiwa ruwan da ke can ƙasa, 'ya'yansa kuma su ciyar da tumaki da awaki. A saiwar tasa akwai bakteriya, wato ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu kamo naitrojin, sinadarin da ke cikin taki, daga iska. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na tsakiyar gona kaurin kara da cikar zangarniya, wannan ido na gani.

Da masu sassaƙe kuwa mun yi magana ta fahimta. Ban hana su ba, domin mutane na bukatar magani. Na roƙe su su riƙa ɗiba ta gefe ɗaya, a tsaye, su bar sauran ɓawon a haɗe daga sama har ƙasa, kuma kada su koma kan itace ɗaya sai raunin ya rufe. Ƙananan itatuwa kuma ina kewaye su da ƙayar magarya har ɓawonsu ya yi taurin da haƙorin akuya ba zai iya ɓare shi ba.