Daren Takwas ga Wata a Bakin Matan Fada

Bayan sallar La'asar na shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ina rungume da madubin hangen nesa da na aro, na naɗe shi cikin bargo saboda gargada. Da gangan na zaɓi ƙarshen damina, lokacin da hadari ya ɗauke kuma hazon hunturu bai sauko ba. Daren takwas ga wata kuwa na zaɓe shi ne domin a lokacin hasken rana yana bugun wata a kaikaice, kowane rami yana fitowa da inuwarsa; a daren sha huɗu haske kan shafe inuwar baki ɗaya.

Kawuna, wanda ya tsufa yana su, shi ya raka ni bakin kogin Matan Fada bayan Isha'i. Da na kafa madubin ya duƙa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, ashe zanzana ce a fuskarsa?" Na ce, "Kawu, jifa ce ya sha." Na tsinci dutse na maka shi cikin taɓon bakin ruwa, muka haska fitila: ga rami zagayayye, bakinsa ya tasa, taɓo ya fantsama ta kowace fuska. Haka ramukan wata suka samu, sai dai duwatsun da suka faɗa masa suna zuwa ne da gudun kusan kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya, su tarwatse, su bar ramin da ya ninka girmansu sau da yawa.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne baƙin filin nan na arewacin wata, wanda ake kira Mare Imbiriyum, wato Tekun Ruwan Sama, ko da yake babu ɗigon ruwa a cikinsa. Kwari ne da wani ƙaton dutse ya haƙa kimanin shekara biliyan 3.9 da suka wuce, faɗinsa ya haura kilomita 1,100, wato ya zarce tafiyar Sakkwato zuwa Legas. Daga baya narkakken dutse ya ɓulɓulo daga ƙarƙashi ya cika shi, ya sandare ya yi baƙi, shi ya sa mutanen dā suka ɗauka teku ne. Tsaunukan Afenin da na gani sun yi masa baka a gefe su ne ragowar bakin kwarin, kuma a gindinsu jirgin Apollo 15 ya sauka a 1971.

Can kudu na nuna masa ramin Taiko, mai faɗin kilomita 85, wanda bai wuce shekara miliyan 108 ba, yaro ne ƙarami a wannan gida, bakinsa har yanzu da kaifi. A tsakiya akwai ramukan da suka ci sunan malaman taurari Musulmi, irin su Al-Battani da Az-Zarƙali, abin da ya sa Kawu ya gyara zama. Babban yayansu duka, kwarin da ya tashi daga ƙuryar kudu zuwa ramin Aitken, mai faɗin kusan kilomita 2,500, yana bayan wata inda ba ya fuskantar duniya. Daga can ne jirgin Chang'e 6 na ƙasar Sin ya ɗebo ƙasa ya dawo da ita a 2024.

Kawu ya tambaya me ya hana ramukan cikewa, tun da shi ya san sawun shanu a fadama ba ya wuce ruwa ɗaya. Na ce ai wata ba shi da iska, ba shi da damina, babu abin da zai share sawu sai wata jifar ta faɗo a kansa. A ganina duniya ta sha jifar da ta fi tasa, ruwa da iska da motsin ƙasa ne suka rufa mata asiri.

Wajen ƙarfe sha ɗaya sauro ya fi ƙarfinmu. Ina naɗe madubin Kawu ya sake haska ramin da na yi a taɓo, ruwa ya riga ya tsatso ya cika rabinsa. Ya ce in dawo daren sha huɗu in nuna masa fantsamar Taikon, shi kuma zai tanadi kifi.