Abin da famfon sola ke koyarwa game da FreeRTOS

Ɗauki akwatin da ke kula da famfon sola a wani lambun albasa a bayan garin Marwa, a arewacin Kamaru. A cikinsa akwai ɗan allo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar na'ura STM32F103C8, wanda aka fi sani da Blue Pill: gudunsa megahaz 72, ma'ajiyar manhaja kilobait 64, ma'ajiyar aiki kilobait 20 kacal. Aiki huɗu ke wuyansa. Zai auna wutar da injin ke ja, ya kashe shi idan yashi ya cije shi ko rijiya ta ƙafe. Zai duba cikar tanki, ya rubuta lambobi a ɗan gilashi, ya kuma tura wa mai lambu saƙon tes ta SIM800L, ɗan allon da ake sa wa katin SIM. Idan aka jera su a zagaye ɗaya, wannan bayan wancan, to ranar da layin waya ya yi rauni tura saƙo zai riƙe komai na daƙiƙoƙi, injin kuwa yana can yana cin wuta ba mai kallonsa.

A nan ake buƙatar RTOS, wato tsarin da ke raba lokacin ƙwaƙwalwar na'ura tsakanin ayyuka bisa fifiko. Wanda aka fi kamawa shi ne FreeRTOS, da Richard Barry ya fitar a 2003, Amazon ta karɓi kula da shi a 2017, kuma kyauta ne. Abu na farko da aiki ke koya wa mutum shi ne RTOS ba ya ƙara wa na'ura sauri, hasali ma yana ɗan cin nasa kason. Abin da yake bayarwa alƙawari ne: aikin da ya fi muhimmanci zai samu hannu a kan kari, ko da sauran za su jira. Saboda haka kafin rubuta layi ɗaya, a zauna da takarda a rubuta wa kowane aiki wa'adinsa. Auna wuta, duk milisakan 10. Tanki, sau ɗaya a daƙiƙa. Gilashi da saƙon tes, duk sanda aka samu sarari. Mai gajeren wa'adi shi ke hawa sama. Tun 1973 Liu da Layland suka nuna cewa da irin wannan jeri, muddin jimillar nauyin ayyukan bai wuce kusan kashi 69 cikin 100 na lokacin na'ura ba, kowanne zai cika wa'adinsa.

Nauyin nan kuwa ba a ƙiyasta shi da ka. A ware ƙafa ɗaya ta na'urar, a ɗaga ta idan aiki ya fara, a sauke idan ya gama, a jona ƙaramar na'urar duba sigina mai tasha 8 da ake haɗawa da kwamfuta, a buɗe manhajar PulseView da ke nuna siginar. Gani ya kori ji. A nan ne mutum zai tarar printf, umarnin fitar da rubutu da ya sa don bin sawun kuskure, shi ne ɓarawon lokacin: a gudun bit 115200 a daƙiƙa kowane harafi yana ɗaukar kusan maikurosakan 87, layi mai haruffa 40 ya kai milisakan 3 da rabi, sulusin wa'adin aikin auna wuta ke nan. Ga aikin da ke maimaituwa, umarnin jira na vTaskDelayUntil ake so, domin vTaskDelay yana ƙirga jira ne daga lokacin da aka kira shi, sai zagayen ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan.

Inda aka fi shan wahala shi ne sitak, wato ɗan filin ajiya da kowane aiki ke riƙe da shi shi kaɗai. Idan aiki ya cika nasa ya malala, ba ya ihu. Sai ya tattake bayanan maƙwabcinsa, na'ura ta faɗi bayan awa uku ko kwana uku, a wani wuri da ba ruwansa da laifin. Akwai tarko tun a xTaskCreate, umarnin ƙirƙirar aiki: a FreeRTOS na asali lambar girman sitak da ake bayarwa ƙidayar kalmomi ce, kowace kalma bait 4 a STM32, don haka 128 a kan STM32 bait 512 ne, amma a ESP-IDF, kayan rubuta manhajar wata ƙwaƙwalwar na'ura mai suna ESP32, ƙidayar bait ce, 128 ɗin 128 ce tak. Wanda ya kwashi manhaja daga wannan allo zuwa wancan bai lura ba ya yanke wa aikinsa kashi uku cikin huɗu na filinsa. Maganin a bayyane yake. A sa saitin configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW, mai gano malalar sitak, ya zama 2, a rubuta abin da za a yi idan ya kama, wanda a famfo shi ne kashe injin kafin komai. Sannan a tura na'urar ta bi hanyarta mafi nauyi, saƙo mafi tsawo da lissafi mai ɗigo, a tambayi uxTaskGetStackHighWaterMark abin da ya rage. FreeRTOS yana cika sitak da lambar 0xA5 tun farko, da shi yake gane inda ƙafa ba ta taka ba. A ganina duk aikin da ragowarsa ba ta kai rubu'i ba, a ƙara masa. A allo mai kilobait 20 kuma gara a raba ajiya gaba ɗaya tun wajen kunnawa da xTaskCreateStatic, a daina aro da mayarwa bayan na'ura ta kama aiki.

Kiran gaggawa (interrupt), wato siginar da ke katse duk aikin da ke gudana don a amsa ta nan take, yana da dokarsa. A cikinsa ba a kiran komai na FreeRTOS sai mai FromISR a ƙarshen sunansa, kuma a gajarta: ɗauki lamba, jefa a layin saƙonnin da ayyuka ke karɓa, fita. A kula da cewa lambobin fifiko sun juya wa juna baya. A ayyukan FreeRTOS babbar lamba ita ce gaba, a kiran gaggawa na Cortex-M, irin ƙwaƙwalwar da ke cikin STM32, kuwa sifili ne sarki, kuma wanda ba a saita masa fifiko ba a sifilin yake zama, sama da iyakar configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY, wadda duk kiran da ya haura ta ba shi da izinin kiran FreeRTOS. A bar configASSERT a kunne, shi zai kama wannan.

Sai matsalar da ta fi kowacce ɓoyewa. A ce ma'aunin wuta da gilashin rubutu suna kan hanyar I2C ɗaya, wato wayoyin da suke magana da allon ta kansu, an sa mata makulli don kada su yi karo. Aikin gilashi, ƙaramin cikinsu, ya karɓi makulli ya fara rubutu. Aikin auna wuta ya farka, ya tarar a kulle, ya tsaya. Ana cikin haka sai aikin saƙon tes, na tsakiya, ya taso da dogon lissafi. Ya fi na gilashi matsayi, don haka ya ture shi, na gilashi bai samu ya ƙarasa ya saki makulli ba. Babba yana jiran ƙarami, na tsakiya ya tare hanya, injin yana juyi. Wannan ce ta sami kumbon Pathfinder bayan ya sauka a duniyar Mars a watan Yuli 1997, yana gudana a kan wani RTOS mai suna VxWorks: aikin tattara bayanan yanayi ya riƙe makulli, aikin kula da hanyar bayanai ya makara, na'urar ta yi ta sake kunna kanta. Injiniyoyin NASA sun maimaita matsalar a kan irin na'urar da ke wurinsu a ƙasa, suka aika gyara daga nan duniya. Gyaran shi ne gadon fifiko: mai riƙe da makulli ya ari matsayin babban da ke jiransa har ya saki. A FreeRTOS, xSemaphoreCreateMutex yana da wannan, xSemaphoreCreateBinary ba shi da shi, ga su kuma kamar tagwaye a ido. Mafi kwanciyar hankali ma shi ne aiki ɗaya ya mallaki I2C, sauran su aika masa buƙata ta layi.

Agogon tsarin ma yana da ranarsa. Idan yana bugawa sau 1000 a daƙiƙa a ma'aji mai bit 32, zai cika ya koma sifili bayan kwana 49 da awa 17. A teburin gwaji ba wanda ke jira haka, amma famfon rani zai kai. Kada a gwada ko yanzu ta wuce wa'adi. A cire lokacin farawa daga yanzu, a gwada da tsawon jira, da lambobi marasa alamar ragi. Don a gani da ido, a sa configINITIAL_TICK_COUNT a 0xFFFF0000, juyawar za ta zo bayan kusan daƙiƙa 65. Masu ESP32 da ESP-IDF su tuna nasu agogon sau 100 a daƙiƙa yake bugawa idan ba a canza ba, don haka pdMS_TO_TICKS(5), mai mayar da milisakan 5 zuwa bugun agogo, sifili yake bayarwa, aikin ba zai kwanta ba.

Ba kowace faɗuwa ce laifin manhaja ba, musamman a ƙasarmu. SIM800L yana fizgar wuta har amfiya 2 a ɗan ƙiftawa idan yana magana da eriya, yana kuma son bolt 3.4 zuwa 4.4. Idan ya haɗa layin wuta da allon, fizgar za ta ja wutar ƙasa, na'ura ta sake kunnuwa, mutum ya kwana uku yana neman kuskure inda babu shi. A ba shi nasa mai daidaita wuta, da kafasita mai maikurofarad 1000 dab da ƙafafunsa. A sayi mai lambar digiri 105, domin a Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a tsakiyar lambu, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar irin wannan kafasita biyu.

Abin da ke raba gardama tsakanin laifin wuta da na manhaja shi ne dalilin sake kunnuwa. STM32 yana ajiye shi a ma'ajin RCC_CSR, ESP32 yana bayar da shi ta esp_reset_reason. A karanta shi da zarar an tashi, a ƙirga, a sa a saƙon tes na farko, sai mai gyara ya san abin da zai ɗauko tun kafin ya hau babur. Mai gadin ciki kuma, IWDG, wanda ke sake kunna na'ura idan ba a sabunta shi a kan kari ba, kada a riƙa lallashinsa daga kiran agogo, domin agogo zai ci gaba da bugawa ko duk ayyuka sun sandare. Kowane aiki ya ɗaga tutarsa idan ya gama zagaye, wani aiki guda ya duba, sai tutoci sun cika ya sabunta mai gadi. A bar masa rata mai faɗi, saboda agogon da yake bi a F103 yana iya kasancewa ko'ina tsakanin kilohaz 30 da 60, wa'adin da aka lissafa daƙiƙa 2 a kan kilohaz 40 zai iya ƙarewa tun a daƙiƙa 1 da sulusi.