Cire kwayil kafin canza fulogi: inda muka kai a Corolla da Passat

'Yan'uwa masu koyon aikin injin, sannunku da ƙoƙari. Mun gama da tsofaffin motoci masu wayoyin fulogi irin su Golf 3, yanzu mun shiga injinan da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa, wato na'urar da ke ba shi wuta, zaune a kansa. Yawancin ɓarnar da ake yi a irin wannan aiki tana faruwa ne tun kafin a kai ga fulogin, wajen fito da kwayil. Shi ya sa muka tsaya a kan wannan gaɓar.

Mun fara da Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE, don ita ce mafi sauƙi kuma ta cika gari. A bar injin ya huce sarai, saboda tof silinda na alminiyam ne, zarensa na saurin cinyewa da zafi. Bokis 10, wato kan sifana mai bakin milimita 10, ke cire murfin saman injin, shi ne kuma ke kwance noti ɗayan da ke riƙe da kowane kwayil. Kafin a taɓa komai a hure ƙurar da ke kewaye da iska, musamman lokacin da hunturu ke cusa yashi a kowane lungu.

Soket ɗin waya shi ne tarkon farko. Zafin injin na shekaru ya riga ya busar da ɗan harshen robar da ke kulle shi, da ƙarfi kaɗan yake karyewa. A fara tura soket ɗin ciki kaɗan don harshen ya saki nauyi, sannan a danna, sannan a ja. Idan ya ƙi, a sa siririn ƙarfe mai lanƙwasa a ɗaga harshen a hankali. Kada a ja da waya ko da wasa. Bayan nan a kama kan kwayil, a murɗa dama da hagu kaɗan har robar ƙasa ta saki farar tangaran ta fulogi, a zaro shi sama a miƙe. Corolla ba ta neman wani kayan aiki na musamman, hannu ya isa.

Passat da Golf masu injin 2.0 TFSI su ne suka ci mana lokaci. Kwayil ɗinsu ba shi da noti, roba ce kawai ke riƙe da shi a cikin ramin, kuma tana kamawa ƙam. Kamfanin Volkswagen ya yi masa abin cirewa mai lamba T40039, ƙarfe ne mai baki biyu da maɗauki a sama. Ana zura bakin a ƙarƙashin kaurin haƙarƙarin da ke can saman kwayil. Na ƙasa sirara ne, idan aka kama su sai su ɓalle. Tsarin shi ne a ɗaga duka huɗun kamar milimita 30, sannan a saki soket ɗinsu tare, domin wayoyin a haɗe suke cikin kwalin roba guda, ba sa ba da wuri ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan injinan kamfanin irin 1.6 FSI kuwa nasu daban ne, T10094A, kada a sayi wannan ana zaton zai yi aikin wancan.

Wanda bai samu wannan ƙarfen ba, ya zagaya kebul tai biyu masu kauri a ƙarƙashin kan kwayil, ɗaya ta kowane gefe, ya ja su sama lokaci guda. Yana aiki, sai dai a hankali. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne sukudireba. Ana ganin ana yi a gareji da yawa: a cusa baki a ƙarƙashin kwayil, a dogara da murfin bawul, a banƙara. Ƙarfin yana tafiya ta gefe ɗaya, jikin kwayil ya yi tsagar da ido ba ya gani. Wutar da ke ciki ta kai dubban bolt, za ta bi wannan tsagar ta tsallaka jikin injin maimakon bakin fulogi. Mota ta fita lafiya, bayan 'yan kwanaki ta dawo tana misin, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai, mai ita kuma ya ce an sa masa jabun fulogi.

Wani lokaci kwayil ya fito, robar ƙasa ta tsaya a rami. A leƙa da tocila tukuna. Doguwar filaya mai siririn baki ko ƙugiya ce ke fito da ita, kuma a tabbatar ƙaramin sifirin da ke cikinta ya fito tare. Idan robar ta kumbura tana naso, baƙin mai ne ke zuba daga zoben da ke kewaye da ramin. Sai an canza gaskit ɗin murfin bawul da zobbansa, in ba haka ba sabon kwayil ma haka zai mutu. A tsane man kafin a kwance fulogi, kar ya gangara cikin silinda. Ruwan wankin injin ma yana taruwa a wurin.

Shi fulogin 1ZZ-FE bokis 16 yake so mai roba ko maganaɗisu a ciki. Denso SK16R11 ne, bakinsa na ƙarfen iridiyom ne, tazarar bakin milimita 1.1, kuma ba a banƙarar bakin iridiyom. Corolla ta 2009 mai injin 2ZR-FE kuwa bokis 14 take so, mai siririn jiki. A fara ɗaura sabon da hannu ta sandar ƙarin tsawo kawai, sai ya zauna sannan a sa sifana mai awo: 25 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a 1ZZ-FE, notin kwayil kuma 9 Nm, don ƙarami ne, yana gutsurewa.

Kafin mayar da kwayil a shafa giris na silikon ɗan ƙanƙani a bakin robar ta ciki, shi ke hana ta manne wa fulogi a karo na gaba. A rubuta wa kowanne lambar silindarsa tun wajen cirewa. Amfanin hakan yana fitowa idan kwamfutar duba mota ta nuna lambar matsala P0302, wato silinda ta biyu na misin: a musanya kwayil na biyu da na uku, a goge lambar matsalar da kwamfutar, a tada mota. Idan ta koma P0303, kwayil ne. Idan ta tsaya a P0302, a duba fulogi da nozul mai fesa fetur.

Mataki na gaba injin V6 ne na Sienna, inda kwayil uku na baya ke ƙarƙashin bututun shigar iska. Kowa ya tanadi sabon gaskit ɗin bututun da tsumma mai tsabta na toshe ramukan.