Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Biyu Bisa Goma

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna, amma yau ba daga nan zan ɗora ba. Jikata ce ta kawo mini aikin gida na kimiyya, zanen batir da waya da ƙwan fitila, sai maganar Kawu ta faɗo mini: "Wuta ba ta barin gida sai ta ga hanyar komowa."

Ina aji biyu a sakandare ya fara gaya mini ita. Na kwance tocilarsa ba da izini ba, na ja waya ɗaya daga kan batir zuwa gindin ƙwan, na zauna ina jira. Shiru. Bai yi faɗa ba, Allah ya jiƙansa. Ya ɗauko wata wayar, ya fere robar har jan ƙarfen ya fito, ya haɗa jikin ƙwan da gindin batir. Nan take ya kama. Ya ce, "Kin gani? Makunnin da kike dannawa ƙofa ce kawai a kan wannan hanya. Ki buɗe tsakani, tafiya ta tsaya."

Malaminmu kuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, allo ya sani. V = I × R, dokar Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. Mun haddace kamar karatun aku. Sai bayan na yi aure na gane abin da take faɗa: bolt (V) shi ne ƙarfin turi, amfiya (I) yawan wutar da ke gudana, om (R) kuma tirjiyar da take gamuwa da ita. Bolt 3 a kan om 6, rabin amfiya ke nan. Da ya faɗa haka da an wuce wurin.

Ranar gwaji aka ba kowa batir biyu masu bolt 1.5 da ƙwai biyu, aka ce a kunna su. Kowa ya jera nasa a layi ɗaya, ƙwayayen suka raba bolt 3 ɗin a tsakaninsu, haske ya fito dishi-dishi. Ni na ba kowane ƙwai hanyarsa ta zuwa da ta komowa, kowanne ya sami bolt 3 cif. Malam ya zo ya zare ɗaya don ya nuna wa aji cewa ɗayan zai mutu. Bai mutu ba. Aka kwashe da dariya, ya ce na cika iyayi, ban bi zanen allo ba. Ya ba ni maki biyu bisa goma. Da ya ce haɗina ya fi saurin cinye batir, da na yarda, don gaskiya ne. Bai ma faɗa ba. Alhali da irin haɗina ake jan wayar gida, shi ya sa ƙwan ɗaki ke ƙonewa na tsakar gida yana ci.

Har gobe Yaya Babba na cewa shi ya koya mini. Shi da ya cire fis ɗin rediyon Kawu ya cusa waya mai kauri! Fis an yi shi siriri ne da gangan, ya narke idan wuta ta yi yawa, ya tsinke hanya kafin ɓarna. Rediyon ta yi hayaƙi. Ran nan Kawu ya ƙara wa maganarsa wutsiya: idan ta sami hanyar komowa ba tare da ta yi aiki ba, zafi take zama. Na gwada a ɓoye, waya daga kan batir zuwa gindinsa kai tsaye, na yar da ita ba shiri.

Zanen jikata da saura, wayarta ba ta koma gindin batir ba. Na miƙa mata fensir na ce ta nemo wa wutar hanyar gida. Takardar biyu bisa goma tana nan cikin akwatina, ban nuna mata ba tukuna.